Kaset Kafin Rikoda

Na mallaki kaset tun gidanmu bai mallaki abin sa shi ba. Rediyo ɗaya ce a gidan, ta Baba, mai rigar fata, kuma labarai da karatu kawai ake ji a cikinta. In ya gama sai ya kashe ya rataye ta a ƙusa. Ba ta da bakin da ake zura kaset. Na san da haka sarai ranar da na sayi nawa, ban kuwa fasa ba.

A shekarun nan ruwan dam ya riga ya iso gonakinmu na gefen Goronyo. Da can, da an gama girbin gero maza ke watsewa cin rani, gari ya rage daga mata sai tsofaffi. Da ruwa ya zo, sai Baba ya daina tafiya. Fadama ta koma kore shar a tsakiyar rani, fangalin albasa da na tafarnuwa a jere har inda ido zai gaji, balbelu na bin bayan masu ban ruwa. Ni aikina kai fura gona da hantsi, ta Baba da ta Yayana, ragowar kuma in sayar wa 'yan ƙwadago. Ina tsakanin yarinta da budurci a lokacin, shekarun da mutum ke iya tsayawa da ƙwarya a ka yana kallon ruwa na tafiya har ya manta inda aka aike shi.

A bakin hanyar ruwan na fara jin mai sayar da kaset. Jajibirin kasuwa yake zuwa daga wajen Wurno a kan keke, akwatin katako ɗaure a baya, rikoda ɗaure a gaba. Kafin a hango shi ake jin sa. Kiɗan yakan biyo saman ruwa ya riga shi isowa, siriri, iska ta kawo ta ɗauke, har masu aiki su ɗaga kai su dubi sama kamar daga can yake saukowa. Wata rana da ya zo wucewa, muryar wata mata ce ke tashi, goge na bin ta a baya. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Ya wuce ni, ƙarar sarƙar kekensa ta wuce, muryar ta yi ta ƙanƙancewa har ta shige cikin alkama. Ina nan tsaye sai da Yaya ya ƙwala mini kira daga cikin gona, wai ko sai furar ta yi tsami zan kawo.

A shekarar Baba ya ba ni fangali ɗaya nawa na kaina, ya ce in koyi riƙon abu. Na yi masa ban ruwa, na cire masa ciyawa, albasar kuwa ta yi kai. Da aka cire, Yaya ya sayar ya danƙa mini kuɗin. Inna ta ɗauka kwano zan saya, ko 'yan kunne. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, na sayar da furata da wuri, na nufi gindin darbejiyar da mai kaset ke baje kayansa.

Samari sun kewaye shi. Na tsaya daga baya har ya lura da ni.

"Ke yarinya, hura kika saidawa ko kallo? Mi kika so?"

"Malam, waƙad da ka sa bakin ruwa, ta wata mace, da goge. Ita nika so."

"Waƙoƙin da nika sawa bakin ruwa sun hi ƙirga. Wace daga ciki?"

Ban san sunan waƙar ba, ban san na mai ita ba. Sai na sunkuyar da kai na rera masa ɗan abin da ya maƙale mini, can ƙasa-ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya ɗaga hannu ya sa samarin su yi shiru.

"Awo, na gane ta. Matag ga daga ƙetaren iyaka take. Wancan ya ƙare, amma ga sabon da tay yi, ko leda ba a ɓare mai ba. Duk garin ga babu wanda yaj ji shi." Ya miƙo mini, sannan ya janye kaɗan. "Kuna da rikoda gida?"

"A'a."

"To mi za ki yi da shi? Tahwasa shi za ki yi?"

Samarin suka tuntsire da dariya. Na ce, "Aje shi za ni yi."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya daina murmushi, ya naɗe mini shi a takarda. Ya ce kada in bar shi a rana.

Na ɓoye shi cikin tsohon kallabi a ƙarƙashin tabarmata. In na samu sarari sai in fito da shi in zauna bayan rumbu. A jikin kwalin akwai hoton matar zaune a kan kujera, ƙwarya kife a cinyarta, bayanta kuma an zana ruwa mai faɗi da jirgi da wani gida mai bene. Nakan ɗaga kaset ɗin in hangi haske ta ɗan gilashin tsakiyarsa, in ga zaren ya naɗu baƙi ƙirin, in yi ta mamakin yadda murya ke kwanciya a abu siriri haka. Tunda ba ni da hanyar jin abin da ke ciki, sai na shiga yi masa waƙoƙi da kaina. A hanyar gona ina tafe ina jera su. Na farko na jirgi ne, na biyu na gidan bene da wadda ke leƙowa ta taga. Na yi wa matar murya irin wadda nake so, zazzaƙa, ta yarinya. Har wata ya juya ina sauraron kaset ɗin da ban taɓa ji ba, kuma na haddace shi tas.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta fara kama ni. Idonta ya yi rauni, ƙafarta kuma da gyambo, don haka kullum tana ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Amma kunnenta babu abin da ke wuce shi.

"Mi kika ɓoyo cikin kallabi yana ƙwaras-ƙwaras? Kawo in gani."

Na miƙa mata. Ta shafa shi gaba da baya, ta sansana, ta kai kunne ta girgiza.

"Babu kowa ciki."

"Akwai mace ciki, Kaka. Waƙa taka yi."

Ta sake kasa kunne, da gaske, har da rufe ido. Sannan ta mayar mini.

"To, kwana taka yi."

Bayan gidanmu akwai gidajen ma'aikata, a ɗaya daga ciki wata malamar asibiti take zaune. Daga can ƙasar duwatsu ta Filato aka turo ta. Kirista ce, doguwa, mai wushirya, in tana wanki muna jin ta ta kan katanga tana waƙa da yarensu. Da la'asar in ta tashi aiki takan biyo gidanmu ta wanke wa Kaka gyambo ta ɗaure. Hausarta daban da tamu. In ta ce "me", Kaka sai ta ce akuya ta shigo gida, ita kuma ta rama da cewa mu mutanen nan ba mu iya kiran fura ba. Wata rana tana naɗe bandeji, Kaka ta tona ni.

"Ɗiyata, jikag ga tau ta sawo mace cikin akwati, ta ƙi tashi. Ko kina da maganin kwana?"

Malama ba ta gane ba sai da na kawo kaset ɗin. Ta juya shi, ta ga ledar na nan yadda take, ta dube ni.

"Tun yaushe kika saya, ƙanwata?"

"Tun cirar albasa."

"Kuma ba ki ji shi ba? Kai! Tashi mu je. Inna, ara mini ita, zan dawo da ita kafin magariba."

Ɗakinta ƙanshin sabulu yake yi da na kananzir. Rikodar na kan tebur, an rufe ta da farin mayafi da ta saƙa da hannunta. Ta ce ni zan ɓare ledar tunda ni na saya. Na ɓare da haƙori, wani ƙanshi ya taso kamar na sabon takalmin roba. Ta nuna mini inda zan zura, da maɓallin da zan danna. Na danna, na koma kan tabarma na rungume gwiwoyina.

Da farko wani shuu ne ya fito, irin na ruwan sama in yana can nesa a kan karan gero. Sai goge ya shigo a hankali, yana jan ƙafa. Sai muryar. Ba ta yarinya ba ce. Murya ce ta babbar mace, mai kauri, da ɗan dushewa, kamar ta wadda ta daɗe a bakin murhu. Babu jirgi a waƙar, babu gidan bene. Wata mata ce ta zo bakin gulbi za ta je ganin uwarta, ruwa ya cika, mai fito kuma yana wancan ƙetaren, tana ta kiransa bai ji ba. Ina zaune ina jin waƙoƙina na hanyar gona suna fita daga kaina ɗaya bayan ɗaya, ban iya riƙe ko guda ba.

Da gefen farko ya ƙare, maɓallin ya yi tsalle da kansa har na zabura. Malama ta ce, "Yaya? Ya yi daɗi?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ta yi dariya ta juya shi. Gefe na biyu kiɗan ƙwarya ne, mai zafi, mata na amshi. Malama ta miƙe ta ɗaura zani a ƙugu ta shiga rawa da kafaɗu irin tasu, wadda ba ta dace da kiɗan ba ko kaɗan, amma ba ta damu ba. Ni kuwa hankalina na can bakin gulbi wurin matar da ke kira. A hanyar komawa gida na ji bakina ya kama waƙarta. Washegari da na ɗauki ƙwaryar fura na bi bakin ruwa, sai na ga kamar in na ɗaga ido zan hango mai fiton a wancan gefen, ya juya baya.

Daga nan abin ya zame mana jiki. Ni ke sayen kaset, ita ke da rikoda. Duk abin da na samu, na tafarnuwa ne ko ribar fura, gindin darbejiya yake ƙarewa. Mai kaset ya san ni, da ya hango ni sai ya ce wa samarin, "Ku ba ta hanya, mai kaset babu rikoda ta zaka." Yakan ɓoye mini sabo a ƙasan akwati. Na sayi na masu gurmi, na sayi na masu kalangu, na sayi na wani makaho mai sarewa wanda babu magana a cikinsa ko ɗaya. Wani in saya don hoton jiki kawai ya burge ni, in je in tarar da shirme, mu yi ta dariya ni da Malama. Amma ban taɓa yarda mai kaset ya gwada mini a kasuwa ba. Yakan ce, "In kin kai gida ya ƙi yi hwa?" In ce na ji. Wannan tafiyar daga kasuwa zuwa gida, da sabon kaset a ƙugu ban san abin da ke cikinsa ba, ita ce rabin daɗin.

Batir ne matsalarmu. In ya fara rauni sai muryar mawaƙi ta yi nauyi, ta ja, kamar mai magana cikin barci. Mukan jera su a kan kwanon rufi su sha rana, su ɗan farfaɗo. Don kada mu ɓata su wajen mayar da zare baya, sai Malama ta zura biro a ramin kaset ta ba ni in yi ta juyawa a sama, muna hira. Wata rana kuma ta sa nata, na mata masu waƙar coci a garinsu, suna buga bakin tulu da tafin hannu, muryoyi hawa-hawa kamar ana jera ƙore. In ta sa irin wannan ba ta rawa. Takan zauna bakin gado ta dubi taga. Na taɓa tambayarta me suke cewa, ta ce suna cewa ne ruwa ya sauka a kan duwatsu, kowa ya dawo gida. Ta ce a cikin masu amshin akwai yayarta, ta nuna mini muryar, amma ni ban iya raba ta da sauran ba. Da an kira salla kuwa ita ke fara miƙa hannu ta kashe, ta ce, "Tashi, ƙanwata, kada Inna ta hana ni aro gobe."

Duk da ruwan dam muke sha muke noma, ban taɓa ganin dam ɗin da idona ba. Da Malama ta ji haka sai ta je ta roƙi Baba. Ya gyara rigar rediyonsa, sannan ya ce, "Malama, amana ta. Ku komo da rana." Wata Asabar da ba ta da aiki ta goya ni a ƙaramin babur ɗinta, na rungume rikoda a ƙirji, gyalena na kaɗawa. Muka wuce gonaki, muka wuce garken shanu, hanya ta yi ta hawa. Da muka kai sama ta kashe babur, sai na ji shiru, na kuma ga ruwa.

Ban san ruwa na iya rasa ƙetare ba. Ya tafi har ya haɗu da sama, launinsu ɗaya, kwale-kwalen masunta na can tsakiya kamar an rataye su a iska. Kawunan matattun itatuwa sun leƙo daga cikin ruwan, fararen tsuntsaye zaune a kai. Muka sauka gefe muka shimfiɗa zani a inuwa. Malama ta fito da gyaɗa da rake, ni kuma na sa kaset ɗina na farko. A ɗaki, muryar matar takan bugi bango ta dawo. A nan kuwa fita ta yi ta tafi abinta a kan ruwa, ba ta dawo ba. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru kusa da mu ya ce, "Ɗiyata, ƙara mata murya kaɗan." Na ƙara. Ya ci gaba da ɗinkinsa yana gyaɗa kai. Na kwanta rigingine, rana na ratsowa ta cikin ganye, ƙananan igiyoyin ruwa na lasar gaɓa. Ban yi barci ba, ban kuma kasance a farke ba. Na ji kamar gaɓar ce ta saki, tana tafiya da mu a hankali, ni da Malama da babur da tsohon da tarunsa, muna nufar inda muryar ta tafi. Sai da maɓalli ya yi tsalle na dawo. Malama na kallona tana tauna rake.

"Ina kika je?"

"Nan nike."

"Ƙarya ne. Na kira ki ba ki ji ba."

Da zafi ya shigo, ƙafar Kaka ta yi tsanani, ko rumfa sai an kama ta take fitowa. Wata la'asar, Malama na wanke mata, ta ce, "Wai matag ga da kuka ɗauke min jika saboda ita, ni ba za a kawo ta ta gaishe ni ba?" A makon kuwa na sayi sabon kaset na matar nan mai goge, na uku da ta yi, sau ɗaya kacal muka ji shi. Washegari Malama ta shigo da rikoda a hannu. Inna ta ajiye taɓarya ta matso. Aka sa, goge ya fara, muryar ta shigo. Kaka ta karkata kai tana ji. Can ta ce a matso mata da abin ta taɓa. Ta bi shi da yatsu, ta shafa ragar da murya ke fitowa, ta gangaro kan maɓallai. Sai muka ji ƙas, ƙas, waƙa ta ɗauke.

Zaren na ta juyawa, muna ganin sa, amma babu sauti. Malama ta ce wataƙila batir ne, a ɗan jira. Muka jira. Inna ta koma ga turminta. Akuya ta yi kuka a bayan ɗaki. Kaka ta ce, "Ta koma kwana. Bari in tashe ta, in gwada mata yadda aka yi." Ta gyara murya. Ban taɓa jin Kaka na waƙa ba sai ranar. Waƙar niƙa ce ta zamaninsu, ta yarinyar da ke niƙa gero tana aika tsuntsu garinsu ya gano mata ko ƙanenta ya fara tafiya. Muryarta na rawa, tana tsinkewa tana ɗaurewa, hannuwanta na kai da komo a kan cinya kamar dutsen niƙan na gabanta. Inna ta daidaita dakanta da waƙar ba tare da ta sani ba. Da ta kai ƙarshe Malama ta tafa, ta ce, "Kaka, ashe haka kike!" Sai a lokacin idonta ya kai kan ɗan jan hasken da ke ci a jikin rikoda. Ta dafe kai.

Kaset ɗin kasuwa ba a cire masa 'yan haƙoran nan na baya masu hana ɗauka. Kaka ta tsayar da waƙar, ta kuma danne jan maɓalli tare da na kusa da shi. Malama ta mayar da zaren baya ta sa. Goge ya fara, matar ta buɗe baki, sai ƙas. Sai muryar Malama tana zancen batir. Sai turmi, sai akuya, sai Kaka.

Na fashe da kuka. Sabon kaset ɗina, waƙar da ko haddace ta ban yi ba. Kaka kuwa ko ta kaina ba ta bi ba, ta kafa kunne tana sauraro har ƙarshe, sannan ta ce, "Wagga tsohuwa wa ta? Ta iya waƙa, amma ta cika surutu."

Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Malama na son yin dariya, tana kallona tana dannewa. Ni na tashi na shige ɗaki, kwana da kwanaki ban leƙa gidanta ba. Ita ta biyo ni. Ta ce ko in zo ko kada in zo, ita kullum sai ta sa tsohuwar nan ta ji, kuma akwai labarin da take son gaya mini: an yi mata canjin wurin aiki, za ta koma Maikujera, can ƙasar Rabah. Ta ce, "Abu ɗaya nake so in tafi da shi. Ki bar ni in kwafi kaset ɗin Kaka."

Mai kaset na da babbar rikoda mai baki biyu da yake kwafa da ita. Ranar Lahadi, da Malama ta taso daga coci, muka je tare. Na gaya masa gefen farko kawai muke so. Shi kuwa bai cire wayar lasifikarsa ba, ko mantuwa ya yi ko gangan, ban sani ba. Sai ga kukan akuyarmu ya cika kasuwar Goronyo. Samari suka fara dariya. Sai Kaka ta gyara murya ta fara. Dariyar ta yi ta raguwa. Mai sayar da goro na gefe ya bar yayyafa wa goronsa ruwa. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta tsaya cak. Wani dattijo da ya ce daga Rimawa yake, yana janye da tunkiya, ya matso har gaban akwatin ya tsaya yana saurare har waƙar ta ƙare.

"Rabona da jin wagga waƙa tun uwata na da rai," in ji shi. "Malam, nawa na?"

Mai kaset ya nuna ni da baki. "Ba nau na ba. Ga mai shi nan."

Na ce ba na sayarwa ba ne. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce to a gaishe da mai waƙar, Allah ya ba ta lafiya, ya ja tunkiyarsa ya tafi yana waiwaye.

Da muka dawo, Malama ce ta ba Kaka labari, tana ƙara gishiri. Kaka ta saki mazari ta riƙe baki.

"Cikin kasuwa? Gaban maza? La'ilaha illallahu! Kun kashe ni. In ɗana yaj ji wanga zance, ina za ni sa kaina?"

Ta yi ta faɗa, ta ce mu marasa kunya ne, ni da Malama da mai keken duka. Muka bar ta ta gaji. Ta laluba ta ɗauki mazarinta, ta murza, ta ja zare. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Shi mutumin Rimawa, mi yac ce?"

"Cewa yay yi a gaishe ki, Kaka."

"Dattijo na ko yaro?"

"Dattijo na. Da hurhura."

Ta gyara ɗaurin kallabinta. "To, ina amsawa."

Baba ya riga ya ji a kasuwa, ashe yana rumfar masu albasa lokacin da abin ya tashi. Bai yi wa kowa faɗa ba. Amma ranar da motar ɗaukar kaya ta zo gidan Malama, shi ya ɗora mata gado da tebur da babur, ya kuma sa Yaya ya kawo buhun albasa ya jefa a kai. Malama ta durƙusa gaban Kaka, Kaka ta shafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo, ta ce a can in ta ce "me" kada ta ce a gidanmu ta zauna. Ni ta rungume ni, ta ce in ci gaba da saye, rikoda za ta zo ta same ni. Ta shiga gaban mota da tata a cinya, lulluɓe da farin mayafin.

Bayan damina Yaya ya raka motar albasa kudu, ya dawo da rikoda ja mai hannu, ya ajiye a tsakar gida ya ce ta kowa ce. A lokacin kaset ɗina sun cika kwalin sabulu. Wani direba da ke bin hanyar Rabah ya taɓa tsayawa ƙofar gidanmu da saƙon Malama: wai tana gaishe mu, kuma ranar awon ciki takan sa wa matan da ke jiran layi waƙar Kaka, har wasu sun fara amsawa. Na shiga na gaya wa Kaka. Ta ce ita ba ta san zancen da ake yi ba, in kuma na gama tsayuwa a kanta in sa mata mai sarewa, shi ba ya da surutu.